Inda Kaset ɗin Baba Ya Tsaya

A falon gidan akwai wata tsohuwar bidiyo ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai saƙa. Duk ranar Asabar da la'asar Mama takan yaye ƙyallen, ta goge ƙura da gefen mayafinta, ta saka kaset guda ɗaya da ya rage mata. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ita ce mai zuba shayi. Haka suke yi su biyu tun bayan rasuwar Baba, haka kuma ake yi tun yana raye, lokacin da falon ke cika da yara har wani ya rasa wurin miƙe ƙafa.

Fim ne na soyayya da ban dariya, na wata ƙasa mai nisa, cikin yaren da babu mai jinsa a gidan. Amma ba sai an ji yaren ba. Akwai wani saurayi mai keke wanda bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Akwai yarinyar da yake so, kyakkyawa mai saurin fushi. Akwai kuma uwarta, tsohuwa mai yawo da baƙar laima a naɗe ko ana ruwa ko ba a yi, wadda duk inda ta hangi saurayin sai ta bi shi da ita. Can wajen ƙarshe yarinyar ta samu aiki a wani gari, ta nuna masa agogo, alamar in da gaske yake ya same ta a tasha kafin jirgi ya tashi. Sarƙar kekensa ta zame a hanya. Jirgi ya yi kuka, ya fara motsi, yarinyar ta leƙo ta taga tana neman sa cikin mutane.

Daga nan sai allon talabijin ya cika da ɗigo-ɗigo, fari da baƙi. Yaran gidan suna kiran wurin da suna yayyafi.

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne, shagonsa na jikin gidan, har yanzu in aka buɗe shi ana jin warin dalma. Shi ya naɗi fim ɗin daga talabijin, a kan kaset ɗin da wasan ƙwallo ya riga ya cinye farkonsa, sai zaren ya ƙare kafin fim ya ƙare. Bai taɓa damuwa ba. Da zarar yayyafi ya sauko sai ya miƙe, ya ɗaura ɗankwalin Mama a ka, ya ɗauko laimarta daga bayan ƙofa, ya tsaya gaban talabijin ya ƙarasa labarin da bakinsa. Kowace Asabar da irin nata ƙarshen. Wata rana saurayin ya kamo jirgin a kan jaki, wata rana direban jirgin ne ya manta hularsa ya dawo da baya. Yara su yi ta birgima don dariya, Mama na cewa, "Baban yara, ka ji tsoron Allah, ka ba ni ɗankwalina."

Tun da ya rasu babu wanda ya sake tsayawa a wurin. In yayyafi ya zo, Mama takan zauna tana kallonsa na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ta tafi ke nan," ta kashe.

Yayyen Auta duk sun yi aure sun watse, kowa da garin da abinci ya kai shi. Ita kaɗai ta rage. Tana aiki a wani kantin magani da ke bakin titi, tana tsayawa bayan kanta daga safe zuwa azahar tana karanta rubutun likitoci da ba ya karantuwa. A nan ta haɗu da Dogo, malamin lissafi a makarantar sakandare, ranar da ya zo sayen maganin mura ya tafi ya bar maganin a kan teburin kantin. Ya dawo ya ɗauka, ya bar tabaransa. A zuwa na uku Auta ta tambaye shi ko gobe kansa zai bari, ya ce ai tuni ya bar abin da ya fi kai.

Mama ba ta ƙi Dogo ba. Yaro ne mai ladabi, in ya zo gaishe ta sai ya sunkuya a bakin ƙofa don kada ya bugi goshi, ya zauna a ƙasa duk da akwai kujera. Har ta fara ajiye masa kofinsa daban. Matsalar ta zo ne da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Ya so iyayensa su zo a tsayar da magana, a yi aure, ya tafi da matarsa. Mama ta ce a dakata. Da Auta ta nemi sanin har zuwa yaushe, sai ta ce har ya dawo da aikinsa garin nan, alhali kowa ya san ba a hannunsa abin yake ba.

Dalilin da take bayarwa shi ne ƙuruciya. Ta ce soyayyar yara daɗin kallo gare ta, amma ba ta jure hanya. Ta ce ko a fim ɗin nan da suke kallo kullum, bayan duk dariyar da aka sha, ina aka ƙare? Ita tana jirgi, shi yana fama da sarƙar keke.

"Mama, ai ba nan fim ɗin ya ƙare ba," in ji Auta. "Kaset ne ya ƙare."

"Ni dai nan nawa ya ƙare."

Auta ta ba Dogo labarin wannan magana cikin wasa, ba ta san ya ɗauke ta da gaske ba. Shi mutumin lissafi ne, a ganinsa duk tambayar da aka rasa amsarta nemo ta ake yi. Ya yi ta bincike a intanet, ba shi da sunan fim ɗin, ba shi da sunan ko mutum ɗaya a ciki, sai keke da laima da jirgi. Ya sha wahala kafin ya same shi. Bai gaya wa Auta ba, don yana so ya ba su mamaki.

Ranar Asabar ya zo da kwamfutarsa a jaka. Aka zuba shayi, aka kalli fim, aka yi dariya a wuraren da aka saba dariya. Da yayyafi ya sauko, kafin Mama ta kai hannu ga rimot, sai ya ce ta yi masa izini, ya zo mata da tsaraba. Ya zare wayar bidiyo ya jona tasa. Fuskar yarinyar ta dawo a tagar jirgi, tas, ba gargada.

Ga abin da suka gani. Saurayin ya shigo tasha a guje, hannuwansa baƙi ƙirin da man sarƙa, ya yi tsalle ya kama ƙofar taragon ƙarshe. A daidai lokacin ita kuma yarinyar ta jefo akwatinta ta ƙofar gaba, ta diro. Jirgi ya wuce da shi ta gabanta, yana manne da taga baki buɗe, ita tana tsaye a dandamali baki buɗe. Ta zauna a kan akwatin tana kuka tana dariya. Sai tsohuwar ta tako a hankali ta tsaya kusa da ita, ta buɗe laimarta. Aka nuna su daga baya, su biyu, da layin dogo ya miƙe gabansu. Rubutu ya fara hawa.

Auta ta yi dariya har da hawaye. Dogo kuwa ya gyara zama kamar yana gaban allo, ya shiga bayani. Ya ce ma'anar a fili take: kowannensu ya bar abin da yake da shi don ɗan'uwansa, saboda haka nisa bai raba su ba, saɓanin ƙofa kawai aka samu. A tasha ta gaba zai sauka, ko ita ta bi shi a jirgi na gaba.

Sai da ya gama ya lura Mama ba ta taɓa shayinta ba.

"Ka gama?" ta ce.

"Na gama, Mama."

"Ku duk yaran kuka kalla. Wa ya kalli tsohuwar? Ta raini 'ya ita kaɗai, ta rako ta tasha, kowa na dariya. Ko ya dawo ko ta bi shi, wa za a bari a wurin nan da laima a hannu?" Ta dubi talabijin, ta dubi bayan ƙofa inda laimarta ke rataye. "Shekara da shekaru wurin nan na Babansu ne. Shi ke tsayawa a nan. Yau ka zo ka cike shi da hoto. Wa ya aike ka, ɗan nan?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta mayar da ƙyallen kan bidiyo, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Dogo ya naɗe wayoyinsa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ba da haƙuri, ba a amsa ba. A waje ya ce wa Auta shi gyara ya zo yi, ga shi ya ɓata. Auta na share hawaye ta ce ba laifinsa ba ne shi kaɗai, ita ma ta zauna da Mama shekaru tana jin "ta tafi ke nan," ba ta taɓa tambayar kanta wa ake nufi ba.

Da labari ya kai ga yayyenta, babban ya kira ta a waya ya ce wannan ba hujja ba ce, zai yi magana da 'yan'uwan Baba a ɗaura aure, Mama za ta huce daga baya. Auta ta roƙe shi kada ya yi. Ta ce ta san in aka taru a kan Mama za ta ce to, amma ita ba wannan to ɗin take so ba. Ta gaya wa Dogo haka, ta kuma ce ba za ta riƙe shi ba in ya ga jiran ya yi masa yawa. Ya ce shi da ya yi zuwa uku kafin ya samu lambar waya, jira ba baƙonsa ba ne.

Ya tafi shi kaɗai. Kafin ya tafi ya zo sallama, Mama ta amsa masa a taƙaice, ta yi masa addu'ar hanya, ba ta ƙara ba.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo ya fita. Dogo na kira kowane mako ya gaishe da Mama, ko ta sake masa ko ba ta sake ba, bai taɓa tayar da zancen aure ba. Auta na zuwa kanti tana dawowa, tana auna wa Mama hawan jini, tana yi mata tsifa. Ba ta yi fushi ba, ba ta daina magana ba, sai dai ta rame, dariyarta ta ragu. Ranar Asabar tana zuba shayi kamar kullum, amma Mama ba ta sake yaye ƙyallen ba. Sukan zauna su biyu suna jin ƙarar fanka.

A irin wannan zaman ne Gwaggo ta same su. Ƙanwar Baba ce, mace mai jiki da yawan barkwanci, tsakaninta da Mama akwai wasa tun Mama na budurwa. Ta ajiye jakarta, ta dubi bidiyo a lulluɓe, ta dubi Auta, ta ce wane ne ya mutu ba a gaya mata ba. Auta ta ba ta labari a gajarce, Mama na jin su tana kallon gefe.

Gwaggo ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Matar Yaya, ke ce yau kike faɗin haka? Ke?"

"'Yar rakiya, ki shiga hankalinki a gaban yarinya."

"Ai dalilin sunan nan zan faɗa mata."

Ta juya ga Auta ta ce Mamanta ta san ƙarshen fim ɗin nan tun kafin a haifi babban yayansu. A gidan silima suka gan shi, ana saura kaɗan aurenta da Baba. Ba a yarda su fita su biyu ba, sai aka haɗa su da ita, tana 'yar yarinya, aka zaunar da ita a tsakiya kamar katanga, Baba na cika ta da alewa don ta kalli gaba. Da aka fito, tun daga ƙofar silima har gida gardama suke yi. Baba, don tsokana, ya ce tsohuwar ta yi nasara, ta samu 'yarta, gida za ta ja ta, shi kuma mai keke ya tafi ke nan. Mama kuwa ta tsaya a tsakiyar titi, ta riƙe ƙugu, ta ce sam bai iya kallo ba.

"Me ta ce, Gwaggo?"

"Cewa ta yi, 'Tun farkon fim laimar nan a naɗe take, duka ake yi da ita. Sai a ƙarshe aka buɗe ta. Kuma ka duba yadda ta riƙe ta, ta bar wurin mutum ɗaya a gefe.' Har da nuna masa da hannu. Mai mota na ta yi mana hon."

Mama ta ce ita ba ta tuna ba. Gwaggo ta ce ita ta tuna, don a ranar takalminta ya tsinke saboda tsayuwar gardama. Ta ƙara da cewa, cikin murya mai taushi yanzu, ai a lokacin ita ma Mama barin garinsu za ta yi ta biyo Yaya, ta bar tata uwar, shi ya sa ta ga abin da ta gani.

"Na bar ta," in ji Mama. "Na kuma san yadda ta kasance bayan na tafi. A lokacin ban sani ba. Yanzu na sani."

"Ta hana ki?" in ji Gwaggo.

Mama ta murza bakin mayafinta. Can ta ce wa Auta, ba tare da ta dube ta ba, ko abin nan da yaron ya kawo yana cikin wayarta. Auta ta ce yana nan. Ta nemo wurin, ta miƙa mata, ta ɗauko mata tabarau.

Mama ta zuba ido tana kallo. Da aka zo kan tsohuwar ta ce a tsayar. Ta kawo wayar kusa da fuskarta. Laimar a buɗe take, ta karkata gefe, ta rufe yarinyar da wani fili da babu kowa a cikinsa, kafaɗar tsohuwar kuwa tana waje cikin rana. Ba ta taɓa akwatin ba. Ba ƙofar fita take fuskanta ba, layin dogo take kallo, inda jirgi ya bi.

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabaran. Ta ce yanzu ta tuna wani abu. Duk shirmen da Babansu ke yi a gaban talabijin, ko da jaki ya ƙare ko da direba mai mantuwa, bai taɓa zama ba sai ya buɗe laimar nan a tsakiyar falo, ita tana faɗan zai tsone wa yara ido. Ashe duk shekarun nan amsa yake ba ta. Ya yarda ita ta ci gardamar, bai dai taɓa faɗa da baki ba.

Gwaggo ta share ido ta ce halin Yaya ke nan, gara ya ɗaura ɗankwali da ya ce an fi shi gaskiya.

Mama ta cire tabarau, ta kamo hannun Auta. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san ba don soyayyar yara ba ta jure hanya ta hana ba, tasu ta jure a gaban idonta. Tsoron falon nan take yi in ya zama ita kaɗai. Ta ce da sun tara mata mutane sun fi ƙarfinta, da ta ba da ita da ciwo a zuciya, amma sun zauna sun jira ta kamar ba su da zafi.

"Kira min ɗan nan," ta ce. "Ki ce ya turo iyayensa. Ki kuma ce masa na yafe, amma kada ya sake taɓa min wayar bidiyo."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Gwaggo ta ce to, tunda an gama da wannan, ita dama ta gaji da gidan ɗanta da hayaniyar jikoki, ɗakin Auta ya yi mata, kuma a sani ita shayinta da madara take sha.

An yi aure cikin kwanciyar hankali. Ranar tafiya Mama ta ce sai ta raka su tasha. Dogo, wanda ba ya wasa da lokaci, ya sa suka iso tun ba a buɗe tagar tikiti ba, Gwaggo na ta yi masa tsiya wai ina kekensa. Rana ce mai haske, babu alamar hadari, amma Mama ta fito da baƙar laimarta. Da suka tsaya jiran jirgi ta buɗe ta, ta jawo Auta ƙarƙashinta, ta dubi Dogo da ke tsaye nesa cikin ladabi.

"Matso mana. Wa kake tsammani na bar wa wurin nan?"

Ya matso, sai da ya sunkuya sosai kafin kansa ya shiga.

Jirgi ya zo ya ɗauke su, ta ƙofa ɗaya. Auta ta leƙo ta taga, ba ta neman kowa cikin mutane, ta san inda Mama take. Mama ta tsaya tana kallon layin dogo har ƙarar ta ɓace, sannan ta naɗe laimar ta ce wa Gwaggo su tafi gida.

Ranar Asabar ta yaye ƙyallen. Suka kalli fim ɗin su biyu, suka yi dariya a wuraren da aka saba. Da yayyafi ya sauko, wayar Mama ta yi ƙara. Auta ce, tana tambaya ko an zo wurin.

"An zo," in ji Mama. "Ta tafi ke nan. Allah ya kai ta lafiya."

Yaro kan ga ƙarshen labari a wurin masoya, babba kan gan shi a wurin wanda aka bari. Duka biyun gaskiya ne. Auta da Dogo ba su samu albarkar Mama da hujja ba, da haƙuri suka same ta, don sun ba ta lokacin da za ta tuna cewa ita ma an taɓa buɗe mata laima aka sake ta.